Cin Zalin Yara Ta Wayar Hannu: Darasi Daga Wani Wasan Talabijin

Tun daga lokacin da aka buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan, watau a Ibadan cikin watan Oktoba na 1959, hukumomi suka fahimci cewa wasan kwaikwayo yana kai saƙo inda lacca ba ta kaiwa. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 ba su manta ba da yadda a kan taru a gidan da ke da akwatin talabijin guda ɗaya tilo a unguwa, yara a ƙasa, manya bisa benci, ana kallon Samanja Mazan Fama ko Karkuzu na Bodara. A sha dariya, amma kowa ya tashi da abin da ya ƙulle a bakin zanensa. Haka kuma wasan nan na Turanci mai suna Cock Crow at Dawn, wanda aka shirya a Jos a farkon shekarun 1980, an yi shi ne musamman domin a kwaɗaita wa jama'a komawa gona.

To, a wannan darasi ma wani wasan talabijin za mu ɗauka mu yi nazarinsa, ko da ya ke ba a ƙasarmu aka yi shi ba. Sunansa Adolescence, ma'ana shekarun balaga. A Ingila aka shirya shi, kamfanin Netflix ya fito da shi ran 13 ga Maris, 2025. Kashi huɗu ne kacal, kowane kashi kuwa an ɗauke shi ne a tashi ɗaya, ba yanka ba haɗi, har mai kallo ya ji kamar da shi a ke yi. Jack Thorne da Stephen Graham ne suka rubuta shi, Philip Barantini ya ba da umarni. Ba labarin wani mutum ɗaya ba ne da ya taɓa faruwa, marubutan sun ƙago shi ne bayan da suka ga rahotannin yara maza suna daɓa wa 'yan mata wuƙa sun yawaita a ƙasarsu. Kafin ƙarshen wannan wata na Maris, Firayim Ministan Birtaniya Keir Starmer ya goyi bayan a nuna shi kyauta a makarantun sakandare na ƙasar.

Abin da wasan ya ƙunsa

Da asuba 'yan sanda ɗauke da bindigogi suka ɓalle ƙofar gidan wani mai gyaran famfo, Eddie Miller, suka haura sama suka kama ɗansa Jamie, yaro ɗan shekara 13, a kan gadonsa. Don tsananin firgita har ya yi fitsari a wando. Tuhumar da a ke yi masa ita ce ya kashe wata 'yar makarantarsu mai suna Katie. Yaro ya yi ta musu, uban kuma ya gaskata shi, domin ba ɗan iska ba ne, ba ya shaye-shaye, yana da ƙoƙari a aji, gidansu kuma gida ne na rufin asiri da zaman lafiya. Sai da aka kunna musu hoton da na'urar tsaro ta kan titi ta ɗauka, uban ya ga ɗansa da idonsa yana aikata abin, sa'an nan jikinsa ya mutu.

Tun daga kashi na ɗaya ke nan an san wanda ya yi kisan. Sauran kashi ukun duk tambaya ɗaya su ke bi: me ya kai shi?

A kashi na biyu sufeton 'yan sanda ya tafi makarantar yaran neman bayani. Ya riga ya duba shafin Jamie na Instagram, ya ga Katie tana yawan sa masa 'yan alamomin nan da a ke kira imoji a ƙarƙashin hotunansa, sai ya ɗauka abota ce ke tsakaninsu. Ɗan sufeton ne, wanda shi ma ɗalibi ne a makarantar, kuma shi ma ana cin zalinsa uban bai sani ba, ya ja shi gefe ya warware masa. Ashe alamomin zagi ne tsantsa. Ma'anarsu a wurin yaran ita ce Jamie yana cikin mazan da mata suka ƙi, waɗanda har abada ba za su sami mai son su ba. 'Yan makaranta da yawa sun gani, sun danna alamar amincewa. Mai karatu ya lura da wannan wuri da kyau: babban jami'i ne mai horon bincike, Turanci harshen uwarsa, ya karanta saƙon da idonsa, amma bai gane kome ba.

Kashi na uku zama ne tsakanin Jamie da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, bayan wata bakwai, a gidan da a ke tsare da shi. A nan ne aka ji cewa ita ma Katie an riga an ci mutuncinta. Ta aika wa wani yaro hotonta ba riga, shi kuwa ya watsa wa samarin makaranta. Jamie ya ga ta zama abin nuni, ya yi lissafin cewa yanzu da darajarta ta faɗi ba za ta ƙi shi ba, ya neme ta. Ta ƙi, ta kuma bi shi da ba'a. A cikin wannan zama ne kuma aka ga irin karatun da yaron ya sha a intanet daga wasu maza masu koya wa samari cewa mace abar mallaka ce, wai kashi 80 cikin 100 na mata kashi 20 cikin 100 na maza kaɗai su ke so, saboda haka sauran sai su ƙwata da dabara ko da ƙarfi. Maganar banza ce marar tushe, amma yaro ɗan shekara 13 da ya yarda shi mummuna ne ba shi da ma'aunin da zai auna ta.

Kashi na huɗu na iyaye ne. Bayan wata 13, ranar da uban ya cika shekara 50, Jamie ya bugo waya daga inda ya ke tsare ya ce ya yanke shawarar amsa laifinsa a kotu. Miji da mata suka zauna a bakin gado suna binciken kansu. Uban ya tashi a hannun mahaifi mai duka, ya yi alkawari ba zai taɓa dukan 'ya'yansa ba, kuma ya cika. Sun saya wa yaro kwamfuta. Yana dawowa daga makaranta sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, uwar takan ga fitila a kunne har tsakar dare. Su a ganinsu tun da yana cikin gida, ba ya yawon titi, ai yana cikin aminci.

Akwai abu ɗaya da za mu kushe wa wasan: ya ba yaron da iyalinsa sa'o'i huɗu, yarinyar da aka kashe kuwa ba a ji ta bakinta ba ko sau ɗaya, ba a kuma nuna iyayenta ba. Kada mai kallo ya tashi da zaton cewa ba'ar da ta yi ce ta jawo mata. Ba'a laifi ce, amma ba ta halatta jini.

Me ya haɗa mu da labarin Ingila?

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce, su da ke ba kowane yaro ɗakinsa da kwamfutarsa. Amsar tana cikin karin maganar nan da ta fito daga ƙasar Nasarawa kanta: abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Doma da Awe duka maƙwabtan Lafiya ne, mutumin Lafiya kuwa ba ya bukatar a yi masa fassara. Wayar da ke hannun yaron Ingila ita ce ke hannun ɗalibin Bukan Sidi da na Tudun Kauri, Facebook ɗin ɗaya ne, TikTok ɗin ɗaya ne, WhatsApp ɗin ɗaya ne. Garin da ya zama hedkwatar jiha ran 1 ga Oktoba, 1996, ya kuma sami jami'ar tarayya a 2011, ya cika da ɗalibai da ma'aikata daga ko'ina, ga Barebari, ga Eggon, ga Alago, ga Gwandara, ga Migili, ga Tibi, ga Hausawa da Fulani, 'ya'yansu duka a aji ɗaya. Wannan alheri ne. Amma inda ƙabilu da addinai suka haɗu haka, zagin da ya faro daga wasan yara yana saurin sauya kama, ya tashi daga kan yaro ya koma kan iyayensa da asalinsa. Yaronmu kuma ba ya bukatar ɗaki nasa na kansa. Ya lulluɓa da mayafi a kan tabarma, ƙannensa na barci a gefensa, wannan ya ishe shi ɗaki.

A watan Satumba na 2019 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya bayyana sakamakon tambayoyin da aka yi wa matasa fiye da 170,000 masu shekara 13 zuwa 24 a ƙasashe 30, har da Nijeriya. Ɗaya cikin uku ya ce an taɓa cin zalinsa ta intanet. Ɗaya cikin biyar ya ce ya taɓa ƙin zuwa makaranta saboda wannan da sauran nau'in cin zali.

Jihar Nasarawa kuwa ta riga ta ɗanɗana ɗacin abin da ke fitowa daga waya. A watan Yuli na 2012 wasu samari da suka ƙulla abota ta Facebook da wata ɗalibar babban digiri ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi suka yaudare ta zuwa Ikko da sunan ciniki, suka kashe ta a wani otal. A watan Maris na 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Ita babba ce mai ilimi, ina ga ɗan shekara 13?

Bambancin cin zalin da da na yanzu

Cin zali tsakanin yara ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san halin siniyoyi, duk wadda ta yi wasan dandali ta san habaici da gugar zana, kowace unguwa kuma tana da yaron da aka laƙaba wa sunan da ba ya so. Amma na da yana da iyaka. Ana tashi daga makaranta ya ƙare, ana kiran sallar magariba dandali ya watse, yaro ya shiga gida ya huta. Masu ji ba su wuce goma ko ashirin ba, kuma bayan mako guda an manta. Mai zagin ma sananne ne, ana iya zuwa ƙofar gidan ubansa.

Na waya ya rushe waɗannan iyakoki duka. Bari mu kawo misali. A ce wata yarinya 'yar aji uku na ƙaramar sakandare ta yi tuntuɓen harshe wajen karanta Turanci a gaban aji, wani ya ɗauke ta da waya a ɓoye. Kafin la'asar hoton ya shiga zauren WhatsApp na 'yan ajin. Kafin isha wani ya ɗora masa kiɗa ya sa a TikTok. Washegari ta fito sayen ƙosai, yaran wata makaranta da ba ta taɓa gani ba suna kwaikwayon muryarta. Ta koma gida, abin yana cikin wayar yayarta. Ba ta san wanda ya fara ba, wataƙila da sunan ƙarya ya buɗe shafin. Ko an goge a wuri ɗaya yana nan a wayoyi ɗari. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to wannan bunun iska ce ke kwasarsa ta kai garuruwan da mai shi bai taɓa takawa ba. In kuwa hoton na tsiraici ne, ko an haɗa shi ne da na'ura aka ɗora fuskarta a jikin wata, abin da ya zama mai sauƙi a yanzu, to a al'adarmu ana iya rushe karatun yarinya da aurenta da sunan gidansu a dare ɗaya.

Manya ma ba su kuɓuta daga laifi ba. A watan Afrilu na 2024 wani hoton bidiyo ya bazu daga wata makarantar kuɗi a Abuja, ana ganin wata ɗaliba tana shan mari a hannun 'yar'uwarta ɗaliba, wasu na tsaye suna kallo. Bazuwar hoton ta sa hukuma ta shiga maganar, har aka rufe makarantar na kwana uku. Wannan ya yi kyau. Sai dai dubban manya sun yi ca a kan yarinyar da ta yi marin, suna yaɗa sunanta da fuskarta, suna zaginta da iyayenta, sun manta ita ma yarinya ce. Wadda aka mara kuma, duk wanda ya tura hoton don tausayi ya ƙara yawan waɗanda suka ga wulaƙancinta.

Abin da doka ta ce

Jama'a su sani cewa waya ba dajin da ba hukuma ba ce. Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi a sashe na 24 cewa wanda ya aika da saƙon batsa da gangan, ko ƙaryar da ya san ƙarya ce domin ya tayar da fitina ko ya jefa rai cikin haɗari, ana iya ɗaure shi har shekara 3, ko tarar da ta kai Naira miliyan 7, ko duka biyu. Barazanar kisa ko ta jikkata mutum hukuncinta ya fi haka nauyi. Sashe na 23 kuma ya haramta ɗauka da yaɗawa da ajiye hoton tsiraicin yaro. A lura da kalmar ajiyewa: wanda aka turo masa ya bar shi a wayarsa ya shiga laifi, balle wanda ya tura gaba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma ba shi haƙƙin a kiyaye mutuncinsa.

Kamfanonin Facebook da Instagram da TikTok su da kansu sun ce ba su yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe shafi, amma ƙara shekaru a fom ba ya ɗaukar yaro minti ɗaya. Wannan ne ya sa ƙasar Ostareliya ta kafa doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar irin waɗannan shafuka, ta ɗora alhakin a wuyan kamfanonin, dokar kuwa ta fara aiki ran 10 ga Disamba, 2025. Tun kafin dokokin nan addini ya riga ya yi magana. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi da giba, Wasiƙar Yaƙub a Sabon Alkawari kuma ta kamanta harshe da wuta. Yatsan da ke danna waya hukuncinsa na harshe ne.

Aikin iyaye da malamai

Yaron da a ke ci wa zali ta waya ba kasafai ya kan faɗa ba, dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne: ya san abu na farko da za a yi shi ne a ƙwace wayar, wataƙila a haɗa masa da bulala. Sai ya zaɓi shiru. Saboda haka sai iyaye sun sa ido. Yaro mai fara'a ya koma zaman kaɗaici, ya rage cin abinci, yana zabura in waya ta yi ƙara, yana ƙirƙiro ciwon kai kowace safiyar makaranta, sakamakon jarrabawarsa ya faɗi ba dalili, duk waɗannan alamu ne. In har ya fara maganar ya gaji da duniya, ko gara ya mutu, kada a ɗauka shagwaɓa ce, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar.

A nan akwai wata matsala tamu ta gida. Kunya ta hana uba da ɗansa, musamman ɗan fari, su zauna su yi irin wannan hira, budurwa kuma ba za ta buɗe baki ta gaya wa mahaifinta an yaɗa hotonta ba. Ba mu ce a yar da kunya ba. Al'adar da ta kawo ta ai ta kawo mafita: akwai kawu, akwai goggo, akwai yaya, akwai kaka wadda jika ke wasa da ita yana gaya mata abin da ba ya gaya wa kowa. Kowane gida ya tabbata akwai babba ɗaya da yaro ya san zai iya kai masa kuka ba tare da an fara da duka ba. Uban da bai yi boko ba kada ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Sufeton cikin wasan ma sai da ɗansa ya koya masa. A zaunar da yaro, a ce ya nuna yadda abin ke aiki, su wa ya ke bi, wa ke ba shi dariya, me wannan alama ke nufi. Yara suna son a tambaye su abin da suka fi manya sani. Da dare kuwa, waya ta kwana a ɗakin iyaye, a kuma kafa wannan sharaɗi tun ranar da aka saye ta, ba ranar da rigima ta tashi ba.

In abin ya riga ya faru, kada a rama, kada kuma a yi saurin gogewa. A ɗauki hoton saƙonnin da kwanan wata da sunan shafin ko lambar da ta aiko, sa'an nan a toshe mai aikowa, a kuma kai ƙararsa ga kamfanin ta hanyar da aka tanada a cikin manhajar. Hoton tsiraici kaɗai ne ba a kwafa ba a turawa, ko da don a nuna wa malami ne, sai dai a kai wayar kanta ga 'yan sanda. In 'yan makaranta ɗaya ne, a sami malamin aji da shugaban makaranta. Malamai kuma kada su ce abin da ya faru a waya da dare ba ruwan makaranta, tun da a cikin aji a ke girbe shi da safe. Ƙungiyar iyaye da malamai ita ce wurin da ya dace a tsai da ƙa'ida a kan zaurukan WhatsApp na 'yan aji, a kuma san babban da ke lura da kowanne. In rigimar ta unguwa ce, mai unguwa da limami ko fasto sun fi kusa, sau da yawa kuma sun fi saurin kashe wuta. Amma inda akwai barazana ga rai, ko neman kuɗi da hoton yarinya, wannan ya wuce sulhu. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya tana da cibiya ta musamman a Abuja mai binciken laifuffukan intanet, ana kuma iya farawa daga ofishin 'yan sanda mafi kusa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Saura magana mafi nauyi, wadda iyaye ba su son ji. Kowa yana tunanin ɗansa a matsayin wanda a ke zalunta, alhali kowane zauren da aka ci mutuncin yaro ɗaya a cikinsa yana da mai ɗauka ɗaya, da masu turawa biyar, da masu dariya arba'in, kuma dukansu 'ya'yan wasu ne. In aka zo maka da ƙarar ɗanka, kada ka fara da cewa ka san halin abinka. Eddie Miller ma ya san halin nasa. Ka nemi a nuna maka shaida, ka duba da idonka. In ta tabbata, ka sa shi ya goge abin a gabanka, ya janye maganar a cikin zauren da ya yi ta, a gaban mutanen da suka gani, sa'an nan ka kama hannunsa ku tafi gidan waɗanda aka ɓata wa ku ba da haƙuri. Bayan an dawo gida kuma sai a zauna a bincika inda ya koyo, domin yaro ɗan shekara 13 ba ya ƙago raina mata ko raina wata ƙabila da kansa. Ko dai a waya ya ji, ko a majalisar ƙofar gida, ko kuwa a tsakar gidan da ya tashi.